Burodin Auta

Litinin, da hantsi

Likita ya ce in riƙa rubuta duk abin da Kanari ta ci a rana in kai masa. To ga ni da biro. Shayi, cokali kaɗan. Ruwa. Shi ke nan. Takardar ta yi min faɗi, shi ya sa zan cika ta da surutu, tunda ba ni da wanda zan yi wa.

Jikokina biyu suna wurina tun ranar da uwarsu, Autata, ta fita. Babbar shekararta goma sha ɗaya, ni na sa mata Lauya don ba a kayar da ita a magana. Ƙaramar ita ce Kanari, shekara huɗu. Da can bakinta ba ya rufuwa, ko a banɗaki waƙa take yi. Yanzu ba ta magana, ba ta cin abinci. Ubansu yana can yana yawon nema. Ya kawo min su da kayansu a leda, ya manta takalmin makarantar Lauya.

Ni da na ƙare ƙuruciyata a gaban obin ina gashi, ni da burodina ya shiga kowane gida a layin nan, wai yau jikata ce ke juyar da kai idan na miƙa mata. Ikon Allah.

Talata, da yamma

Na dafa shinkafa mai laushi da romon kaza. Lauya ta cinye nata tas, sannan ta ce gishiri ya yi kaɗan. Na ce, “To Lauya, je ki shigar da ƙara.” Ta fara dariya, ta kalli ƙanwarta, dariyar ta tsaya. Kanari ta riƙe cokali tana ta zana hanya a cikin shinkafar. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kai baki ba.

Laraba, da safe

Kek na yi, mai bota da yawa, irin wanda Kanari ke lashe robar kwaɓinsa kafin ya shiga wuta. Na ajiye robar a gabanta. Ta kalle ta, ta kalli ƙofa.

Laraba, da yamma

An kira waya kan neman Auta. Ba komai.

Alhamis, bayan azahar

Baban yara ya zo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce, “Inna, an ce an ga mai kama da ita a tasha. Na je, na wuni a can.” Ban tambaye shi sauran ba, fuskarsa ta riga ta faɗa.

Na zuba masa shayi. Ya riƙe kofin bai sha ba, ya ce abin da ya tsaya masa a rai kwaɓin nan ne. Ranar da ta fita, ya dawo daga aiki ya tarar da yara a falo, ƙofa a buɗe, kwaɓin burodi a roba ya tashi har ya zubo kan tebur. Ya ce, “Inna, wanda ya yi niyyar tafiya ai ba ya kwaɓa fulawa, ko?”

Na ce masa ya sha shayinsa kada ya huce.

Juma'a, da rana

Mun je wurin Likita. Ya ɗora Kanari a kan ma'auni, ya duba idonta, ya ja fatar hannunta. Ya ce in zuwa Litinin ta sama ba ta fara cin abinci mai nauyi ba, zai kwantar da ita, a zura mata roba ta hanci. Ya faɗa a hankali, da ladabi, amma na ji kamar in mare shi. Yarinyar da uwarta ta fita ta bar ƙofa a buɗe, ita za a danne a gado a cusa wa roba? Ina raye, ga hannuwana biyu?

A hanyar dawowa na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tsoro nake ji, bari in rubuta shi yadda yake.

Asabar, da safe

Ina tankaɗe fulawa Lauya ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

“Kaka, wahala kawai kike yi. Kanari ba ta cin komai sai burodin Mama. Da safe shi, da yamma shi. Ta daɗe a haka.”

Na ce, “Shi ne tun tuni kika yi shiru, uwar iya magana?”

Ta ce, “Ba ki tambaye ni ba.”

Wallahi sai na ji sanyi a raina. Burodin Auta ai nawa ne. Ni na koya mata tun tana hawa kujera kafin ta kai tebur, kuma gaskiya ɗaya ce, da ta girma har ta so ta fi ni. Hannunta yana da sauƙi, kwaɓi yana jin maganarta. Na yi shi yadda na koya mata, na shafa masa bota da zafinsa, gidan nan duk ya ɗauki ƙamshi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Kanari ta sunsuna, ta ture farantin.

Lauya ta gutsura ta tauna, ta girgiza kai. “Wannan ya yi daɗi da yawa. Na Mama ba haka yake ba.”

“To yaya yake?”

“Yana da tauri. Da gishiri. Ƙasansa baƙi.”

Na ce ƙarya take yi. Ta ce ta rantse. Na ce tun yaushe? Ta ɗaga ido sama tana lissafi, ta ce tun bara.

Asabar, da yamma

Tun bara. Duk zuwan da na yi gidan, biskit ɗin kanti take kawo min da shayi, ta ce burodi ya ƙare yanzun nan. Ni kuma in ce, ai dole, burodi mai kyau ba ya kwana.

Lahadi, da hantsi

Yau Lauya ce malama, ni ɗaliba. Ta hau kujera ta naɗe hannu.

“Mama ba ta tankaɗewa.”

Na ajiye rariya. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

“Sa gishiri.”

Na sa.

“Ƙara.”

“Haba Lauya, kashe mu za ki yi?”

“Sau biyu take sawa. Takan sa, ta tsaya, sai ta ce, na sa kuwa? Sai ta sake sawa. In na ce kin sa, sai ta ce in yi shiru tana sauraro.”

“Sauraron me?”

Ta ɗaga kafaɗa. Na ƙara gishirin.

Ya fito da gishiri kam, amma laushinsa na nan. Hannuna ya ƙi yin mugun aiki, abin da ya saba shi yake yi. Kanari ta taɓa shi da yatsa, yatsan ya lotsa, ta janye hannunta.

Litinin, da safe

Shayi rabin kofi. Saura mako guda.

Talata, da yamma

An kira Baban yara wani wuri ya je ya duba. Bai faɗi wurin ba, ni ma ban tambaya ba, amma na ga ya ɗauki mayafin Auta a leda. Tun da ya tafi nake goge obin, ciki da waje, har inda ba ya datti. Ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, “Inna, ba ita ba ce.”

Na yi hamdala da ƙarfi. Daga baya na tuna waccan gawar ma 'yar wata ce, sai na ture abincina gefe.

Laraba, da hantsi

Ina murza kwaɓi, Lauya ta ce, “Kaka, cire hannu ɗaya.”

“Wane irin cire hannu? Da hannu ɗaya ake murza burodi a garinku?”

“Mama da hagu kawai take yi.”

“Daman fa? Ciwo yake mata?”

“A'a. Labule take riƙewa da shi.”

Ta nuna min. Teburin kicin ɗinsu yana jikin taga. Uwar takan tsaya a karkace, hagu a cikin roba, dama ta ɗan ɗage labule, idonta a kan titi. Lauya ta kwaikwayi tsayuwar, wuya a miƙe, ƙafa ɗaya a baya. Auta na gani tsaye a kicin ɗina, sak. Na daka mata tsawa na ce ta daina. Yarinya ta tsorata, ni ma na tsorata da muryata.

Da muka huce na ba ta ɗan zabibi a hannu, na ce, “Wa take kallo a titin?”

“Ta ce wani yana tsayawa a can.”

“Ke kin gan shi?”

“Ni bas nake gani.”

“Babanku ya sani?”

“Yana wurin aiki lokacin. In ya dawo ta riga ta yi wanka tana dariya.”

Na murza da hagu. Kai, hagu ba ta da kunya, nan da nan ta gaji. Kwaɓin ya fito da gudaji-gudaji, rabi a murje rabi ɗanye. A da in yarinyar aikina ta kawo min irin wannan, ranar za ta koma gidansu. Na gasa shi haka. Ya yi tauri, har na ce wa Lauya mu ajiye shi don jifan ɓarawo.

Kanari ta ɗauka. Ta juya shi, ta duba ƙasansa. Ta ajiye.

Amma ta ɗauka. Na rubuta wa Likita: ta ɗauka.

Alhamis, da asuba

Na farka da ƙaurin ƙonewa a hancina. Na tafi kicin da gudu ba ko ɗankwali. Obin a kashe, sanyi ƙalau. Na duba wayar lantarki, na duba murhu, na leƙa tsakar gida. Babu komai. Ƙaurin bai bar ni ba sai da rana ta fito.

Alhamis, da yamma

Na gwada ƙona ƙasan. Na ƙara wuta, na sauke gwangwanin burodin can ƙasa, na zauna ina kallonsa yana lalacewa. Ban taɓa sanin ƙona burodi da gangan yana da wuya haka ba. Sau biyu ina miƙewa in ciro shi, Lauya tana riƙe min zane. Ya ƙone ko'ina, sama da ƙasa.

Lauya ta ce, “Na Mama gefe ɗaya ne yake baƙi. Obin ɗinmu gefe ɗaya yake ci.”

Na ce to me ya hana uwarku juya gwangwanin? Abu na farko da na koya mata ke nan. Ta ce in burodi ya shiga wuta Mama ba ta komawa kansa. Wani lokaci tana taga. Wani lokaci takan tattara su su zauna a bayan ƙofa, a yi wasan shiru, wanda ya fara magana ya faɗi. Sai ƙauri ya iso su sannan a tashi. Kanari ce kullum take faɗuwa a wasan, sai Mama ta toshe mata baki da hannu tana dariya.

Na kalli Kanari a kan tabarma, bakinta a rufe gam. Na tashi na wanke gwangwani.

Juma'a, da rana

Lauya ta ɗanɗana miya ta ajiye cokali. “Kaka, sau biyu kika sa gishiri.”

Na ce ban sa ba. Ta dube ni, irin kallon da ban so ba. Na ɗanɗana, ashe ta fi ni gaskiya. Na sa.

Juma'a, da yamma

Na roƙi Baban yara mabuɗin gidansu. Ya ce shi kansa ba ya iya kwana a can, wurin abokinsa yake. Na ce obin ɗin kawai nake so. Ya ciro mabuɗin daga aljihu ya ba ni da hannu biyu, bai tambaye ni dalili ba. Yaron nan yana ba ni tausayi. Wani lokaci kuma in kalle shi in ce a raina, kai da kake kwana ɗaki ɗaya da ita, ba ka ga komai ba? Sai in tuna biskit ɗin kanti, in kama bakina.

Ruwa da shayi. Yau Kanari ko zama ba ta son yi, kwanciya take. Saura kwana uku.

Asabar, da yamma

Na je.

Na bar yaran da maƙwabciya tun da sassafe, Kanari tana barci. Na hau bas da fulawata da yis a jaka. Gidan yana hawa na biyu. Silifas ɗin Auta na bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya. Na tsallake su.

An wanke robar amma ba a wanke teburin da kyau ba. Busasshen kwaɓi ya manne a gefen katako, inda ya zubo ranar. Na sa farce zan kankare, sai na fasa. Na kwaɓa nawa a robarta. Ban tankaɗe ba. Gishiri sau biyu. Na sa hagu a ciki, na ce bari in yi shi yadda yake, na ɗaga labulen da dama.

Labulen yana da tabo daidai inda yatsuna suka sauka, maiƙo da fulawa sun yi masa baƙi-baƙi. Ban nemi wurin ba, hannuna ne ya je.

Titi ne kawai. Wurin tsayawar bas, turken fitila, shagon mai gyaran takalmi, wata bishiya. Mutane suna zuwa, bas ta kwashe su. Na ce a raina, Auta, me kika gani a nan? Na rufe kwaɓin ya tashi, na zuba a gwangwani, na sa a wuta. Na ce zan zauna a kujera in jira. Sai na ga ban zauna ba, ina taga.

Akwai wani mutum a jikin turken. Riga mai ruwan toka, hannu a aljihu. Bas ta zo, bai shiga ba. Wata ta zo, bai shiga ba. Ba ya kallon sama, ba ya kallon ko'ina. Wataƙila wani yake jira. Mutane suna jiran mutane a titi kullum, ba laifi ba ne. Na ce bari in ga bas ta uku. Na ji ina sauraron matakala, ko za a hawo. Ni da ko ɓera ba na tsoro.

Ƙauri ne ya dawo da ni. Kicin ya cika da hayaƙi, hannuna na dama ya sandare a jikin labule. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Da na sake leƙawa babu kowa a jikin turken, wata mata ce da kwando.

Na ciro burodin. Gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya gefen fari, saman ya tsage. Tunda nake ban taɓa fitar da abu mai muni irinsa ba. Na naɗe shi a tsummanta na kicin, na rungume shi a bas kamar jariri, ina kuka, mutane suna kallona.

Na shigo ta baya na ajiye shi a tebur, na je na ɗauko yaran. Lauya tana ganinsa ta ja da baya ta kama bakinta. Kanari na kafaɗata. Na ji ta ɗago kai, hancinta yana motsi. Ta zame ta sauka da kanta. Ta je ta hau kujera ta ja tsumman, ta juya burodin, ta ga baƙin. Ta sa haƙori a wurin ƙonewar.

Ta ci. Ta ci, ta ci, tana haɗiya da ƙyar, na miƙa mata shayi ta kurɓa ta koma. Ni da Lauya ko motsi ba mu yi ba. Ta cinye kusan rabi.

Sannan ta sauka daga kujera ta shiga ɗakina. Ta fito ta shiga banɗaki. Ta leƙa bayan ƙofar falo, ta leƙa bayan ta kicin. Ta dawo ta tsaya a gabana, baƙin burodi a leɓenta, ta buɗe baki. Muryar ta dushe, da ƙyar ta fito.

“Kaka, Mama ta zo ina barci?”

Lauya ta zuba min ido. Na san abin da ya kamata in faɗa. Na kalli wuyan yarinyar, na tuna robar Likita.

Na ce, “Ta kawo miki burodi.”

“Ta tafi?”

“Ta tafi.”

Ta koma kan kujera, ta ja sauran gabanta ta kare shi da hannu. Lauya ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Har yanzu ba ta yi min magana ba.

Ga Likita: burodi rabi, shayi kofi ɗaya. Da yamma ta cinye sauran.

Lahadi, da asuba

Burodin ya ƙare jiya, gobe ne ranar ma'auni. Na shirya a hankali ban kunna fitila ba, don in je in dawo kafin su tashi. Ba na son komawa gidan nan, ba na son tagar nan, amma nawa obin ba zai yi ba.

Na fito falo na tarar da Kanari zaune a bakin ƙofa, ta jingina da ita. Ta sa takalmanta da kanta, na hagu a dama. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Ta ce, “Kaka, yau ba zan yi barci ba. In ta kawo zan riƙe ta.”

Na ce to. Na dawo ɗaki na zauna a bakin gado. Fulawa na cikin jakata, mabuɗi na hannuna. Gari ya fara wayewa, tana nan zaune, kuma ta ce min yunwa take ji.